Kwana Bakwai da Awa Biyu

Zuwa ga ɗana Nazifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Kano. Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama, tunda can ma ka ce za ka bi.

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka tura ni bin jakai. Malam Sabo maƙwabcinmu ne yake rubuta mini, tunda ya ajiye aikin koyarwa ba shi da abin yi sai gardama da ni. Tun kafin mu fara ya ce in taƙaita. Na ce alƙalamin nasa ne, bakin nawa. In ka ga wata magana ta yi laushi, shi ya shafa mata mai. In ka ji ta yi kaushi, tawa ce.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, kwana huɗu ke nan da tafiyarka, akuya ko ɗaya ba ta haihu ba. Maganar ranar Asabar nake so mu koma.

Ka shigo zaure ka same ni ina tufka igiyar rama. Ka ce aikin nan na gyaran famfunan sola ya tabbata, za a zaunar da kai a Dirku, can cikin hamadar Nijar, shekara biyu. Ka ɗauko waya ka nuna mini taswira, ɗigo nan, ɗigo can, da wani siririn zare a tsakani. Ka ce wannan filin jirgin Agadas ne, wancan na Dirku.

"Baba, bai kai awa biyu ba a jirgi. In wani abu ya taso, na sauka Agadas, na kamo hanya, ba a jima ba ina gida."

Na ce, "Jirgin kullum yake tashi?"

Ka sosa ƙeya. "A'a, an ce sau ɗaya a mako. In iska ta taso ma akan ɗaga."

"To ai kwana bakwai ne da awa biyu ke nan."

Ka yi dariya, yayanka Habu da yake bakin ƙofa ya taya ka. Dariyar nan ce ta shaƙe ni. Da ka durƙusa ka ce, "Baba, a yafe mini, a sa mini albarka," sai na ce ai ka ce nan da can ne, me mai zuwa nan da can zai yi da sallama? Na ci gaba da murza igiyata a cinya. Ka daɗe a durƙushe. Ina ganin inuwarka, ban ɗago ba. Har ka tashi, har na ji babur ya tashi da kai ya nufi Yako.

Sau uku ka kira wayar Habu ka ce a ba ni, sau uku na ce ina alwala. Mahaifiyarka ta ce mini, "Malam, alwalar nan taka ko ta wanke gari ce ai ta isa." Tun ranar take ajiye mini tuwo ba ta ce ga shi. To bari in faɗa maka abin da ya sa lissafina da naka suka bambanta, don kada ka tafi da zaton tsufa ne kawai.

Garin da za ka, ba a bakinka na fara jin labarin yankinsa ba. Mahaifina, kakanka, shi yake saukar da Buzaye in sun gangaro da kantun gishiri bayan kaka. A cikinsu akwai wani Agali, dogo, mai ido ɗaya, wanda yake ba ni dabino in na kai wa raƙumansa harawa. Daga Bilma suke ɗauko gishirin, wadda ka ce tana kusa da Dirkun nan taka. Wata rana na tambaye shi kwana nawa ne daga Agadas zuwa can. Sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya dinga dangwala yatsa, kowane rami rijiya ce, yana kiran sunanta. Sannan ya ce ya fi mako biyu, in raƙuma suna da lafiya, in rijiyar nan ta tsakiya ba ta ƙafe ba, in madugu bai ɓata ba. Ya ce kuma rijiyoyin can ba irin namu ba ne da za ka tarar da guga a rataye. Kowa da igiyarsa yake tafiya. Ya taɓa ganin mutum ya mutu a bakin rijiya yana hango ruwa.

Na ji wannan ina yaro, amma ban ɗauka ba sai da na sha tawa wahalar.

Ranar da aka fara sakar mini jakai ni kaɗai, jakai uku ne da kanwa da gishiri, zan kai Doguwa. Na yada zango a Kwanar Dangora, lokacin rumfuna ne 'yan kaɗan. Maimakon in tambayi fataken da suke zaune a gindin bishiya suna shafa wa ƙafarsu man kaɗe, sai na je wajen wani direban babbar mota, saboda hularsa da agogonsa sun burge ni.

"Ranka ya daɗe, Doguwa da nisa?"

"Doguwa? Haba samari, in ka wuce Tudun Wada ai ka isa. Ni ko rake ɗaya ba na gama sha."

Bai yi mini ƙarya ba, nisan motarsa ya faɗa. Ni kuwa na ɗauki nisansa na ɗora wa jakaina, kuskurena na farko ke nan. Ban cika gora ba, ban sayi ƙuli-ƙuli ba, na ce me zan yi da kaya ga gari nan kusa. Na shiga dajin Falgore da ruwa rabin gora. Kwana biyu ina ciki. Na ci ɗanyar kanya har cikina ya murɗa, na matse jiƙaƙƙen yashi a bakin rigata na tsotsa. Da na isa Doguwa mai masaukina ya dube ni ya ce, "Kai kuma daga wane kabarin?"

Saboda haka, Nazifi, in ka isa Agadas kada ka tambayi mai tuƙa jirgi nisan Dirku. Shi awa biyu zai ce maka, kuma gaskiyarsa. Nemi wanda ya taɓa kwana shida a zaune a kan jakarsa yana jiran jirgin, shi ka tambaya. Kuma duk ranar da za ka hau, yi guzuri irin na mai tafiyar mako: ruwa, garin kwaki, dabino, bargo, maganinka na ciwon ciki da kake mantawa. In abokan aikinka sun yi maka dariya, ka bar su. Ni ma an yi mini ranar Asabar, ga ni ban mutu ba.

Kuskurena na biyu taurin kai ne tsagwaronsa. Lokacin na yi aure, na san hanya, na fara jin kaina. Muna dawowa daga Doguwa da masara, damina ta yi nisa, na iso mashigin Kogin Kano. Tsohuwar hanyar nan tamu yanzu wani sashenta yana ƙarƙashin ruwan Tiga, in ka bi ta kwalekwale kana wuce wuraren da na sha fura. Na tarar da wani dattijon Bafulatani, Jauro Buba, zaune a kan dutse, shanunsa sun tsaya cirko-cirko a bakin ruwa. Sama tas, ko gajimare babu.

Ya ce, "Kaɗo, sauke kayanka. Yau ba a hayewa."

Na ce, "Baffa, ruwan da bai kai cinya ba? Shekaranjiya na bi ta nan."

"Shekaranjiya ka bi ruwan shekaranjiya. Dubi launinsa. An yi ruwa a kan duwatsu can kudu, yana tafe. Shanuna sun ƙi shiga, kai ka fi su sanin kogi?"

Na ce ni ba saniya ba ce. Na kora jakaina. Muna tsakiya na ji wani ruri kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Kafin in waiwaya ruwa ya kai mini ƙirji. Jakina na gaba, irin wanda ake kira goho, mai hankali da ya fi wasu mutane sanin hanya, ina gani ya juya sau biyu da kayansa ya tafi. Ni Jauro Buba ne ya miƙo mini sandarsa ya fizgo ni. Ya hura wuta, ya ba ni nono a ƙwarya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari da hantsi ruwan ya koma gwiwa, shanunsa suka haye suna kaɗa jela.

To in ranar tashi ta zo, kun ɗaure kaya, kun zauna, mai jirgi ya fito ya dubi sama ya ce yau ba a tashi, kada in ji an ce ɗana yana cikin masu ɗaga murya. Na san ka, jinina ne a jikinka, in ka sa ranar abu ba ka son a taɓa ta. Kai sama za ka gani tas, shi launin ruwa yake gani. Ka sauke jakarka ka yi sallarka. Haka kuma mutanen wurin, Tubawa ne ko Barebari ko Buzaye, in tsoho a cikinsu ya ce kada a bi nan yau, kada ka ɗauko masa waya ka nuna masa zare.

Malam Sabo ya ce a nan ya kamata in tsaya, wai nasiha ta isa. Ban zo ma inda za ni ba, saura kuskurena na uku.

Ba ka san kakarka ba, Inna. Abin da kuka sani shi ne ba na son a yi zancenta, kuma duk shekara in damina ta tsaya nakan je bakin rafin gabas da gari in zauna. Kun ɗauka gona nake dubawa. Ba ni da gona a can.

A gidanmu, ko kasuwar Bebeji mutum zai je ya kwana, sai ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce a yafe masa. Ita kuma ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira, ni ma ka yafe mini," ta tofa addu'a a tafinta ta shafa maka a ka. Haka aka tarar, haka ake yi. Ni kuwa da na fara zama cikakken falke sai abin ya fara ba ni kunya. Mutum da gemunsa, abokan tafiya suna jira a waje, yana durƙushe ana shafa masa yawu a ka.

Ran nan za ni Tudun Wada da gishiri. Ana gobe tafiyar, da dare, mun ɗan saɓa da ita, ta ce in bari sai bayan kasuwa biyu, jikinta ba ya mata daɗi. Na ce Inna kullum jikinki ba ya miki daɗi in za ni tafiya. Da safe na ɗaura wa jakai kaya, na bi ta bayan danga. Ta ji ƙarar kofato. Ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Audu, ko ba za ka tsaya in sallame ka ba?"

"Inna, nan da Tudun Wada ne fa. Jibi ina nan."

"To, Allah ya kai mu jibin."

Ban ko leƙa ba. Taku goma ne tsakanina da ƙofarta.

Kwana biyu ina cikin kasuwa sai ga wani ɗan garinmu a kan keke, ya ce in taho, jikin Inna ya tsananta, sunana take kira. Na bar jakai da kaya a hannun mai masauki, na taho da ƙafa, ina gudu ina tafiya. Da hantsi na iso rafin gabas. Rafin nan da kuke tsallakewa da rani ba ku cire takalmi ba. An kwana ana ruwa, ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa da tumakin mutane. Daga inda nake tsaye ina hango rimin ƙofar gidanmu. Ina ganin hayaƙin madafinmu. Na tuɓe riga zan faɗa, maza huɗu da suke jiran ruwa ya janye suka danne ni a ƙasa. Ɗaya ya zauna a bayana yana cewa, "Ka yi haƙuri, bawan Allah, gawa biyu kake so a yi?"

Tana da rai a lokacin. Daga baya aka faɗa mini sai bayan azahar ta cika. Ina zaune a gaɓa na ga mutane suna taruwa a gindin rimi. Na ga sun yi sahu. Na ga an ɗauko makara an nufi arewa da ita. Da la'asar Baffa, ƙanin mahaifina, ya zo ɗaya gaɓar, ya haɗa tafukansa a baki ya yi kira, ruwa yana cinye rabin maganar.

"Audu! An kai ta! Ta ce ta yafe!"

Sai washegari na haye, ruwa iya ƙugu.

An ce ta ce ta yafe. Na yarda, Baffa ba ya ƙarya. Amma ban ji da kunnena ba, ni kuma ban ce mata ta yafe mini da bakina ba, ban ce na yafe mata ba. Yau shekara ta fi arba'in, ban daina jin "Allah ya kai mu jibin" ba. Nisan da ya raba ni da mahaifiyata bai kai jifa biyu da dutse ba, Nazifi. Shi ya sa da ka nuna mini zaren nan ka ce awa biyu, ban ga jirgi ba, rafin gabas na gani.

Ga kuskurena na huɗu, shi kuma bai tsufa ba, kwanansa huɗu. Ita ta ce in tsaya ta sallame ni, na ƙi tsayawa. Kai ka tsaya, ka durƙusa, na ƙi sallamarka. Tsoro ne ya kama ni, na rasa yadda zan faɗe shi a gaban Habu, sai na mai da shi fushi. Da Allah ya ɗauki raina a daren Asabar, da na ɗora maka kayan da na fi kowa sanin nauyinsu. Wanda ya sha wannan bai kamata ya ɗura wa ɗansa ba. Na yi wauta, da furfurata.

Saboda haka ka saurara da kyau, wannan ita ce wasiyyar.

Na tsufa. Ƙafata ta dama ba ta kai ni masallacin Juma'a sai a babur. Shekara biyu a wurinka kwangila ce, a wurina abu ne da sai Allah ya ga dama. Mai yiwuwa ka dawo ka same ni a zaure ina tufka, mu yi dariyar wannan takarda. Mai yiwuwa kuma wata rana waya ta same ka a Dirku, jirgi ya tashi jiya, saura kwana shida.

In haka ta faru, ba za a jira ka ba. Na riga na faɗa wa liman, na faɗa wa Habu a gaban mahaifiyarka: ko awa ɗaya kada a ajiye ni don wani yana hanya. Kai kuma ban yarda ka hau motar da ba ka san direbanta ba ka ratsa hamada don ka riski abin da ba za ka riska ba. Ban yarda ka je ka tsaya a kan mai jirgi kana roƙo ko kana faɗa ba. Ka yi alwala, ka samu inuwa, ka yi mini addu'a a inda kake, tana isowa ba ta jiran ranar tashi. Ka gama gyaran famfon da ka fara, mutane su sha ruwa, ka ce Allah ya kai ladan kabarin Audu mai jakai. In jirgi ya zo ka taho ka ga mahaifiyarka. Kuma ban yarda ka samu wani bakin rafi da za ka riƙa zuwa kana zama duk shekara ba. Na hana ka. Aiki na halal ka tafi, da izinina.

Habu ya ce ranar Alhamis ta makon gobe za ku kama hanya. Ranar Laraba, ana gobe tafiyar, da hantsi zan sa ya kai ni Kwanar Dangora, in zauna a rumfar mai shayin da take kallon masu zuwa daga Kano, har la'asar. Ban taɓa fita tarbar ɗan da na haifa ba, Malam Sabo ma sai da ya ajiye alƙalami ya dube ni. In ka samu dama ka zo, ka durƙusa ko a gaban 'yan kamasho ne, in shafa maka yawu a ka, ka ji kunyar da na ji. Na san za ka ce daga Kano zuwa Kwana ai ba nisa. Ni na daina faɗar haka. Takardunku za su iya riƙe ka, mota za ta iya lalacewa, ni ma ban san ko zan kai Larabar ba. Shi ya sa ba zan ajiye maganar sai mun haɗu ba, kuma ba zan faɗe ta a waya iska ta kwashe ba. Ga ta a rubuce, ka ninke ka sa a aljihu, ka karanta a inda babu sabis:

Nazifi, na yafe maka duniya da lahira. Abin da na sani da wanda ban sani ba, na yafe. Na sa maka albarka a tafiyarka da aikinka da dawowarka. Ni ma ka yafe mini, na ranar Asabar da na gabanta.

In ka karanta, ka faɗa da bakinka cewa ka yafe, ko ba kowa a wurin. Zan ɗauka na ji.

Direban da zai kawo maka takardar zai ba ka ƙunshi. Igiyar nan ce da nake tufkawa kana durƙushe, na ƙarasa ta jiya, gaba ashirin ce. Na san injin kake gyarawa, na san za ka ce an daina. Sa ta a ƙasan jaka duk da haka. Ba ta da nauyi.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, yau da ta ji abin da nake faɗa wa Malam Sabo ta ce mini ga tuwo. Habu da iyalinsa suna gaisuwa. Allah ya kai ka lafiya, ya saukar da jirginku lafiya a duk inda ya tashi, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ruwa ya fito a duk rijiyar da ka taɓa. Allah ya tsare mini kai a inda idona ba ya kaiwa. In da rabon ganawa, Allah ya kai mu Laraba.

Wassalam. Ga dangwalen yatsana a ƙasa, don ka san ba Malam Sabo ne ya ƙirƙira ba.

Mahaifinka,
Audu mai jakai